Babi na Shida: Teburin da Zarto Bai Gyara wa Baki Ba

Duk wanda ya je garin New Hope, a jihar Pennsylvania ta Amurka, da niyyar a yi masa teburin cin abinci a gidan Nakashima, sai ya biya ta sito. Can ciki falankai ne dubbai. Wasu a jingine, sun ninka mutum tsawo, wasu a jibge bisa juna. Falankan da suka fito daga gungume ɗaya wuri guda suke zama, a jere yadda zarto ya fitar da su. Sai an jawo wannan an mayar, an juya wancan an kakkaɓe masa ƙura, kafin a kai ga wanda ido zai tsaya a kansa. Daga nan Mira Nakashima ta ɗauki alli ta ja layi inda za a yanke, a rubuta sunan mai tebur a jikin katakon.

Galibin masu zanen kayan ɗaki daga takarda suke farawa, in sun gama su nemo katakon da zai bi zanen. A wurin Mira katako ne ke gaba, fensir na biye. Faɗin teburin da lanƙwasar bakinsa, da yawan mutanen da zai ɗauka, itacen ya riga ya yanke hukunci a kansu tun yana tsaye a daji. Abin da ya rage mata shi ne ta karanta hukuncin daidai, sannan ta san ƙafar da za ta ɗauke shi. Ta haura shekara 80, kuma fiye da rabin ƙarni ke nan tana wannan karatu.

An haife ta a birnin Seattle a watan Fabrairun 1942, watan da Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a kan umarni mai lamba 9066, wanda ya ba sojoji damar kwashe 'yan asalin Japan daga gaɓar yammacin Amurka. Mutum kusan 120,000 aka tsare, akasarinsu haifaffun ƙasar. Tana goye aka kai ta sansanin Minidoka da ke ƙeƙasasshen filin Idaho, ita da mahaifiyarta Marion da mahaifinta George Nakashima. Uban ya yi karatu mai zurfi. Yana da digiri na biyu a zanen gine-gine daga jami'ar MIT tun 1930, ya yi aiki a Tokyo ƙarƙashin mai zanen gine-gine Antonin Raymond, ya kuma kula da ginin masaukin Golconde a Pondicherry ta Indiya. Sai dai a bayan wayar sansanin ne ya samu malamin da ya sauya masa rayuwa, wani kafinta mai suna Gentaro Hikogawa, wanda ya koyo sana'ar a Japan. A hannunsa George ya ƙware a kayan aikin hannu da haɗa katako da katako, da guntayen da suka rage daga ginin sansanin. Mutumin da ya koyi aiki da ragowa ba ya saurin cewa katako ya lalace.

A 1943 Raymond ya tsaya musu, aka sake su zuwa gonarsa a New Hope, inda mai digirin MIT ya koma kiwon kaji. Bayan 'yan shekaru ya samu fili eka uku a wajen gari, ya biya da aikin hannunsa, ya gina gida da wurin aiki.

A wancan zamani masu injin yanka katako ba sa ƙaunar falanki mai ƙulli ko tsaga, ko wanda ya fito daga inda gindi ya rabu biyu. Kamfanonin kujeru miƙaƙƙen katako suke so, mai launi ɗaya. George ya riƙa kwashe abin da suka ƙi. Ya bar bakin falanki yadda ya fito daga jikin itace, ɓawo kawai ya cire. Ya fi son baƙin walnot na Amurka, itace mai duhun cakulan a ciki da fari-fari a gefe, kuma ya ƙi yanke farin. Kamfanin Knoll ya fara sayar da wasu zane-zanensa a 1946. Zuwa 1973 sunansa ya kai matsayin da Nelson Rockefeller ya yi odar kaya 200 a lokaci guda, don gidansa na Pocantico Hills.

Mira a cikin ƙurar katakon nan ta tashi, har akwai wata 'yar kujera mai ƙafa uku da uban ya sa wa sunanta. Ta gama Harvard a 1963, ta wuce Jami'ar Waseda a Tokyo ta yi digiri na biyu a zanen gine-gine, ta dawo gida a 1970. Shekara 20 ta yi a gefen mahaifinta, tana zana abin da ya ce, tana fitar da awo ga kafintoci. Uban ba shi da sauƙi a wurin aiki. Ita da bakinta ta sha faɗa wa 'yan jarida cewa ya kore ta ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

A 1989 ya samu shanyewar ɓarin jiki, zane ya koma hannunta. Ya rasu a watan Yunin 1990. Akwai odar shekaru a ƙasa, amma da labarin rasuwar ya bazu, masu oda da yawa suka janye. A ganinsu hannun George suka zo saye, kuma hannun ya tafi. Ba su lura cewa kafintocin da ke sassaƙa kayan suna nan ba, haka ma wadda ta daɗe tana riƙe da fensirin.

Wata gobara ce, cikin ikon Allah, ta taimaka wurin bai rufe ba. A 1989 gidan wani likita da matarsa ya ƙone a Princeton, da kayan Nakashima sama da 100 da suka yi shekaru suna tarawa. Suka ce a sake yi musu. George ya fara, ajali ya katse shi, su kuwa ba su janye ba, suka bar wa Mira ta ƙarasa. Wani teburinsu na cin abinci ya tsira daga wutar saboda an are shi zuwa baje kolin ayyukan George a New York. Sunansa Arlyn, an yi shi a 1988 da wani ƙaton falankin itacen redwud mai ramuka da murɗe-murɗe. A 2006 aka sayar da shi a gwanjon Sotheby's kan dala 822,400.

To, me ya sa teburin cin abinci ya fi sauran kaya wahala a wannan salo?

Ƙaramin teburin falo na iya zama duk yadda ya ga dama. In yana da rami a tsakiya, ado ne, in bakinsa ya shige ciki, babu wanda zai damu. Teburin cin abinci kuwa aiki yake yi sau uku a rana. Tsayinsa daga ƙasa ba ya nisa da santimita 74, in ba haka ba kafaɗa ta gaji. Kowane mai ci yana buƙatar faɗin kusan santimita 60 don kada gwiwar hannunsa ta shiga farantin maƙwabci. A tsakiya a samu wurin kwanuka, a ƙasa a samu wurin cinya da gwiwa. Jikin ɗan Adam ne ya kafa waɗannan ƙa'idoji, itace kuwa bai san da su ba lokacin da yake girma. Sulhunta biyun shi ne aikin Mira.

Sulhun tun wurin yanka yake farawa. Ba a gyara gungume ya zama mai kusurwa huɗu kafin a tsaga shi, kamar yadda ake yi wa katakon rufi. Daga wannan gefe zuwa wancan ake ratsa shi da zarto, falanki bayan falanki, kowanne da bakinsa biyu na asali. Kafin zarto ya taɓa shi sai an juya gungumen an duba ta inda za a shiga, don ɗan karkacewa kaɗan na iya fito da zanen da ke wurin rabuwar reshe, ko ya kashe shi. George da kansa yake tsayawa a kan masu yanka, Mira ma ta gaji wannan tsayuwa. Yankan da aka yi ba ya dawowa.

Sai jira. Ƙa'idar kafintoci ita ce kowane inci na kauri shekara guda yake so a iska, a jibge da 'yan sanduna tsakanin falankai, kafin a ƙarasa busar da shi a ɗaki mai zafi. Saman babban tebur kan kai inci biyu. Akwai falankai a siton da George ya saya da kansa, har yau teburinsu bai zo ba.

Itacen da falankinsa guda zai isa teburin mutum takwas ko goma ba ya samuwa kullum. Saboda haka sau da yawa falankai biyu ake ɗauka, waɗanda suka kwanta jikin juna a gungume, a buɗe su gefe da gefe. Duk lanƙwasar da ke dama sai ta bayyana a hagu, duk ƙullin da ke nan yana da ɗan'uwa a can. Wani lokaci a manne su, wani lokaci a bar 'yar siririyar tazara a tsakani, a ɗaure da maɗauran katako. Wannan maɗauri shi ne tambarin gidan. Ɗan guntun katako ne mai faɗi a kai biyu da matsattsen ƙugu, sak kalangu, Turawa kuma suka ga kamannin malam-buɗe-littafi a jikinsa. Akan zana siffarsa a kan tsaga, a sassaƙe gurbi daidai da shi, a buga shi ya zauna daram, a goge ya yi daidai da fuskar tebur. Tsagar na son buɗewa, kawunan biyu masu faɗi sun hana ta. Ba George ya ƙirƙiro dabarar ba, tsoffin kafintocin Japan da na Masar sun san ta. Abin da ya yi shi ne ya fito da ita fili, sau da yawa da katako mai wani launi dabam, don kowa ya ga inda itacen ya ji ciwo da yadda aka ɗaure shi. Wurin da za a sa maɗaurin, da girmansa, da yawansu, duk a zanen fensir ake yanke su. Uku a inda biyu suka isa, tebur ya koma kwalliya.

Katako ba ya daina motsi don an sare shi. Wanda ƙofar ɗakinsa ke cijewa da damina ta kuma saki da hunturu ya san wannan. Danshi yake sha ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kuma ta faɗi yake yin haka, ta tsawo kusan babu. Falanki mai faɗin mita ɗaya na iya motsa kusan santimita guda tsakanin lokacin zafi mai laima da lokacin sanyi, sa'ad da na'urar ɗumama ɗaki ke busar da iska. In aka ɗaure shi tamau a jikin ƙafa, zai nemi hanya da kansa, ya tsage ko ya bankare. Shi ya sa kafintan da ya san aikinsa ke shimfiɗa sanduna a ƙarƙashin saman tebur don su hana shi lanƙwasa, ya kuma bar wa abin da ya ɗaure su da shi 'yar sarari ta yadda katakon zai ja numfashi. Mai gida ba zai taɓa ganin wannan ba sai in cokalinsa ya faɗi.

A ƙarƙashin tebur ɗin ne karatun gine-gine ke fitowa. Teburin da aka saba gani ƙafa huɗu gare shi a kusurwa huɗu, da katakon da ya zagaye su ta sama. Falanki mai baki sake ba shi da kusurwa huɗu na kirki, kuma katakon zagayen cinya yake duka. Don haka manyan teburan Nakashima ciki suke janye ƙafafunsu, su haɗa su da doguwar sanda, bakin tebur ya zauna a sarari, kujera ta shiga ta ko'ina. Kowace irin ƙafa da sunanta. Conoid ta ci sunan ɗakin zanen da George ya gina a ƙarshen shekarun 1950, mai siririn rufin kankare a lanƙwashe. Frenchman's Cove sunan wani wurin shaƙatawa ne a Jamaika da aka fara yi wa ita. Minguren kuwa sunan ƙungiyar masu sana'ar hannu ce ta Takamatsu a Japan, wadda George ya shiga a shekarun 1960, kuma ƙafar mai wannan suna ce mai kaurin da ke ɗaukar falankai mafiya nauyi. Sunan ɗaya ne, amma awo ba ya zama ɗaya. Falankin da ya fi faɗi a kai guda ya fi nauyi a can, dole ƙafa ta matsa ta tare shi, in ba haka ba ranar da wani ya dafa baki zai tashi, miya ta bi shi. Kowane tebur sai an sake masa lissafi.

Bakin ma ba a barin sa haka kawai, ko da yake abin da masu kallon hoto ke zato ke nan. Ana cire ɓawo, a bi gefen da hannu har ya daina kama riga. Inda ya shige ciki da yawa, sai a duba ko mazaunin mutum ne zai faɗa wurin, a matsa layin yanka gaba ko baya. Rabin gwanintar tana cikin sanin inda za a datse kai biyu na falankin. A datse da wuri, a yi asarar rabuwar reshe, wadda ita ce mafi kyau a jikinsa. A bar shi ya yi tsawo, ɗakin mai shi ba zai ɗauka ba.

Daga ƙarshe mai ake shafawa, a goge, a sake shafawa, har katakon ya ƙoshi. Ba a rufe shi da fenti mai ƙyalli. Wannan na nufin kofi mai zafi zai iya barin shaida, cokalin yaro ma haka. Gidan bai ɗauki hakan a matsayin aibi ba. Har laƙabi George ya yi wa irin wannan ta'adi daga sunan Kevin, ƙanin Mira, wanda ya yi wa kayan gidansu aiki yana ƙarami.

Tambayar da ta bi Mira tun 1990 ita ce: ina nata a ciki? Hausawa na cewa kyan ɗa ya gaji ubansa, amma kasuwar kayan fasaha ba ta biyan magaji kuɗin mai gida. A gwanjo, tebur na zamanin George ya fi na zamaninta tsada, ko da kafinta ɗaya ne ya sassaƙa su da katakon sito ɗaya. Abin dariyar shi ne George kansa ya daɗe yana ƙin sa hannu a kayansa, don a ganinsa aikin ba na nuna kai ba ne, sai a shekarunsa na baya ya sassauta. Sunan mai oda ake rubutawa a ƙarƙashi, kuma da shi, da katunan oda da ofis ya adana, ake tantance na gaske a yau.

Nata yana nan ga mai son gani. A 1993 ta tsara ɗakin karatu na tunawa da mahaifinta a gidan adana kayan fasaha na Michener da ke Doylestown. A 1998 ta fito da jerin zanenta na kanta mai suna Keisho. A 2003 ta yi kujerar Concordia saboda wata ƙungiyar makaɗa, mai shimfiɗaɗɗen mazauni da bayan da ba ya tare hannun mai goge, kuma a shekarar ta wallafa littafi a kan rayuwar mahaifinta da aikinsa. Wanda ya jera teburanta da na uban zai ga saman bai sauya sosai ba, don itace bai sauya ba. A ƙafa ne ta fi sakin hannu. Masu cewa ta tsaya a inuwa suna auna ta da ma'aunin masu sabon yayi kowace shekara. Ma'aunin da ya dace da ita dabam ne: falankin da ba a taɓa ganin irinsa ba ya zo gabanta, ta samo masa tebur ko ba ta samo ba? Uban bai bar zanen wannan ba, ba kuma zai iya bari ba.

Mafi girman teburan gidan ba na cin abinci ba ne, ko da yake dabararsu ɗaya. A 1984 George ya samu wani gawurtaccen gungumen walnot, ya ƙudurta yin teburin zaman lafiya ga kowace nahiya. Na farko, mai faɗin fiye da mita uku kowane gefe, an ajiye shi a majami'ar St. John the Divine ta New York a daren ƙarshe na 1986. Mira ce ta yi na biyu a 1995, wanda ke Kwalejin Fasaha ta Rasha a Mosko, da na uku a 1996, wanda ke Auroville a Indiya.

Yau salon ya cika duniya. Otal-otal da ofisoshi da shafukan Instagram duk tebura ne masu baki sake, da yawansu an ɗora su kan ƙafar ƙarfe, an cika tsagarsu da shuɗin roba mai ƙyalli. Wasu da ɗanyen katako ake yin su, shekara ba ta zagayowa sun bankare. Siffar baki kaɗai aka ɗauka, aka bar jiran shekaru da lissafin nauyi, waɗanda ba sa fitowa a hoto. Shi kansa walnot ɗin yana cikin barazana, don a 2011 an gano cutar da wani ɗan ƙwaro ke yaɗawa tana kashe shi a gundumar Bucks, gundumar da New Hope take.

A 2014 gwamnatin Amurka ta sa harabar Nakashima cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa. Yawancin wuraren da ke jerin an daina aiki a cikinsu, sai masu yawon buɗe ido. A nan kafintoci na shiga da safe, kuma wanda ya yi odar tebur yau sai ya yi haƙurin watanni kafin a kira shi.